Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya: firgicin da ya zauna a jiki ba ya jin farasitamol

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci.

Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani asibitin gwamnati a Arewa maso Gabas. Ba wata ƙungiya ce ta aiko ni ba. Na rubuto ne a madadin mutanen da ke cika bencin ƙofar sashenmu tun da sanyin safiya, waɗanda aka turo mana da ciwon baya, ciwon wuya, sanyin ƙafa da mutuwar jiki, alhali hoto bai nuna komai ba, gwajin jini ma bai nuna komai ba. Haka kuma a madadin abokan aikina, nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci, waɗanda ke ganin abin da nake gani amma ba a ba su abin yi a kai ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. A watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ke kallon mai taɓin hankali a matsayin wanda za a kulle kawai. Mun yi murna. Dokar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatarku, ta kuma tanadi asusu. Sai dai a ɗakin da nake aiki, abin da ke hannuna yau shi ne abin da ke hannuna kafin a sa hannu: gadon gashi, man shafawa, da takardar rubuta wa mara lafiya ya koma wurin likita.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake duba waɗannan mutane.

Bahaushe ko Babarbare da ya ga an yanka ɗan'uwansa a gabansa ba ya zuwa asibiti ya ce yana da ciwon firgici. Cewa zai yi gabansa na faɗuwa. Kansa na ɗaukar zafi. Wani abu na yawo a jikinsa kamar kiyashi. Ƙirjinsa ya yi nauyi, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga. Sai a rubuta masa maganin maleriya. Ya dawo, a ce taifot. Ya sake dawowa, a ce olsa, a ɗaura masa ƙarin ruwa, ya biya ya tafi. Ba na ɗora wa likitocin laifi, mutum ɗaya ne ke ganin layin da ba ya ƙarewa. Amma sakamakon a fili yake: iyalin da suka baro gonarsu da shanunsu suna ƙarar da ɗan abin da ya rage wajen maganin cutar da ba ita ce ke damunsu ba.

Akwai wata dattijuwa da aka turo min da ciwon kafaɗa da baya. Katinta ya yi kauri, an yi mata maganin taifot har ba a ƙirgawa. Na zagaya ta bayanta kamar yadda aka koya mana, na ɗora hannu a kafaɗarta. Nan take ta sandare. Numfashinta ya tsaya, idanunta a buɗe amma ba ni take gani ba. Da ta dawo hayyacinta na ce, "Inna, lafiya?" Ta gyara mayafinta ta ce, "Babu komai, 'yata. Jiki ne kawai. Mun gode Allah."

Jiki ne kawai. Ta faɗi gaskiya fiye da yadda take zato.

Abin da ilimin likita ya sani a nan ba ɓoyayye ba ne. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa gadi. Da ya hango haɗari zai buga ƙararrawa, jiki ya saki sinadaran adrenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, ciki ya dakatar da narkar da abinci, don mutum ya yi faɗa ko ya ranta a na kare. In duka biyun sun gagara, sai jiki ya daskare. Wannan rahama ce a lokacin da ake harbi. Matsalar ita ce a jikin wasu mutane ƙararrawar ba ta mutuwa bayan an daina harbin. Shekara biyar, shekara goma, faranti ya faɗi a kicin, ko babur ya gilma, jiki ya koma wancan dare kamar yanzu ake yi. Tsokar da ta shekara a ɗaure dole ta yi ciwo. Cikin da kullum yake cikin shirin gudu dole ya yi ƙwarnafi. Wannan shi ne ciwon firgici bayan tashin hankali, wanda likitoci ke kira PTSD, kuma rabin labarinsa a jiki yake rubuce.

Kuka na biyu ya taso ne daga na farko. In ba a gano ciwon ba, mutum zai nema wa kansa sauƙi, kuma kemis ya fi asibiti kusa. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba wanda bai daɗe da shiga tashin hankali ba magungunan kwantar da hankali irin su Valium don firgici ko rashin barci. A unguwanninmu kuwa ana sayensu kamar alewa. Matasan da suka yi aikin kato da gora, waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, da yawansu da tiramol suke kwana suke tashi. Muna kiransu 'yan ƙwaya, mu tura musu hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi. Ba mu taɓa tambayar me ƙwayar take danne musu ba.

Kuka na uku shi ne wanda na fi so ku tsaya a kansa, ranka ya daɗe, domin a nan ne ko masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe. Duk lokacin da aka ce za a taimaki waɗanda rikici ya shafa, abin da ake kawowa shi ne zama a yi magana. A zaunar da mace a gaban baƙo, wani lokaci ma namiji, da tafinta a tsakani, a ce ta ba da labarin abin da aka yi mata a daji. Maganin magana yana da asali, kuma hanyoyinsa da aka gwada su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba. Ba na jayayya da wannan. Amma mu mun san mutanenmu. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kara da haɗiye baƙin ciki. Matar da ta san in labarinta ya fita 'ya'yanta mata ba za su auru ba, ba za ta buɗe baki ba ko za a shekara ana lallashi. Wata kuma ba kunya ce ta hana ta ba, kalmomin ne babu. Da ta fara tunawa sai harshe ya sarƙe, jiki ya ɗauki rawa. A tilasta wa irin wannan ta yi magana kafin jikinta ya natsu, fama mata miki kawai aka yi. Sai ta ƙi dawowa, a rubuta a rajista cewa ba ta ba da haɗin kai ba.

Akwai wata ƙofa ta daban, kuma ita ce maƙasudin wannan wasiƙa: a fara da jiki. A koya wa mutum ya lura da numfashinsa, ya ji tafin ƙafarsa a ƙasa, ya gane inda tsoka ta ɗaure ya sassauta ta da kansa, ya motsa gaɓoɓinsa a hankali bisa zaɓinsa. Ba tsafi ba ne. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya ta kai zuciya da huhu da ciki. In mutum ya tsawaita fitar da numfashi, wannan jijiya kan rage gudun zuciya. Jiki ya aika wa mai gadin nan saƙo cewa yanzu lafiya lau. Masana irin su Peter Levine da Pat Ogden a Amurka sun shafe shekaru suna gina hanyoyin jinya a kan wannan tushe.

Na san kalmar da zan ambata yanzu za ta sa wasu su ɗaure fuska: yoga, wani salon motsa jiki da sarrafa numfashi. Bari in faɗi abin da aka gwada, sannan in zo kan damuwar. A wata cibiya da ke kusa da birnin Boston, David Emerson da likitan ƙwaƙwalwa Bessel van der Kolk sun tsara wani nau'in yoga musamman don masu ciwon firgici. A 2014 aka wallafa sakamakon gwajin da suka yi da mata 64 waɗanda ciwon ya daɗe a jikinsu kuma magani bai yi musu ba. An raba su biyu. Rabi suka yi yoga awa ɗaya a mako har mako 10, rabi suka halarci darasin kiwon lafiyar mata. A ƙarshe kashi 52 cikin 100 na masu yoga sun fita daga ma'aunin masu ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 21. Mata 64 ba su da yawa, kuma matan Amurka ne, ba na Bama ko Gwoza ba. Shi ya sa ba zan ce muku an gama magana ba. Cewa nake yi abin ya isa a gwada shi a nan.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu ba lanƙwasa jiki ba ne, ladubbansa ne. Mai koyarwa ba ya taɓa kowa. Ba ya ba da umarni, sai dai ya ce, "In kin ga dama, ki ɗaga hannunki, in ba ki so ki bar shi." Ba a tilasta rufe ido. Babu waƙe, babu kiran sunan wani abin bauta. Dalilin kuwa mai zurfi ne: wanda aka yi wa fyaɗe ko aka ɗaure a daji, abin da aka ƙwace masa shi ne iko da jikinsa. Duk zaɓin da aka ba shi, komai ƙanƙantarsa, mayar masa da wani yanki na wannan iko ne. Da na san wannan tun farko, da ban zagaya ta bayan Inna na dafa ta ba tare da neman izini ba.

To, batun addini. Ba zan yi masa kwana-kwana ba, ni ma Musulma ce. Yoga daga Indiya ta fito, kuma a asalinta tana haɗe da ibadar mabiya addinin Hindu. Akwai jerin motsin da sunansa ma gaisuwa ga rana. Duk malamin da ya ɗaga gira a kan wannan yana da hujja. Ba mu ne farkon Musulmin da suka fuskanci tambayar ba. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abubuwan bautar da ke cikinta. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ke ɗauke da waƙe-waƙen bauta, amma ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Wannan bambancin shi ne mafita a gare mu. Ba ma buƙatar sunan, ba ma buƙatar falsafar. Numfashi da miƙa da zama a natse ba mallakin wata al'umma ba ne. A kira shi motsa jiki na natsuwa, ko duk sunan da ya dace da bakin mutanenmu, a zauna da malamai da limaman coci su duba kowane motsi kafin a fita da shi.

Kuma in an duba, fara kwantar da jiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowane ɗan Islamiyya ya san cewa lokacin da wahayi ya fara sauka, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo gida zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi. Nana Khadija ta lulluɓe shi har tsoron ya tafi, sannan ya ba ta labari. Lulluɓi ya riga tambaya. Ya kuma koyar da cewa wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Nana A'isha tana umartar a dama wa masu makoki talbina, wani kunu mai laushi, saboda yana sanyaya zuciyar mara lafiya yana rage baƙin ciki. Ban kawo waɗannan don in yi fatawa ba, ba fagena ba ne. Na kawo su ne don kada wani ya ce muku mutanenmu ba za su karɓa ba.

Kuka na huɗu gajere ne amma ya fi ci min rai. Ɗan abin da na sani a wannan fanni, a wata bita ta kwana biyar na koya, wadda wata ƙungiyar agaji ta shirya. Sun koya mana, sun ba mu takardar shaida, sun tafi. Babu wanda ya dawo ya ga ko muna yi daidai. Tun da Amurka ta datse tallafin da take bayarwa a farkon 2025, irin waɗannan bitoci ma sun yi ƙaranci. Lafiyar zukatan mutanen da suka fito daga Baga da Bama da Gwoza ta rataya ne a kan kasafin kuɗin wata ƙasa. Ga shi kuma tun 2021 gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na Maiduguri, mutane suka koma garuruwa da ƙauyuka inda babu ko da wannan ɗan abin. Waɗanda suka rage a birni, ambaliyar madatsar Alau ta watan Satumba na 2024 ta sake tashinsu da tsakar dare. Na ga mutanen da suka fara samun barci suka koma gidan jiya.

Kuma wutar ba a gabas kaɗai take ba. An sako ɗaliban Ƙanƙara a 2020, na Jangebe a 2021, na Kuriga a 2024. An duba su, an ɗauki hoto, an miƙa su ga iyayensu. Yaron da ke fitsarin kwance bayan wata shida, ko yarinyar da ba ta iya zama a aji in an rufe ƙofa, wa ke bibiyarsu?

Na san amsar da za a ba ni: babu ma'aikata. Gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma kullum ana tafiya waje. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da Kaduna da Kware suna iyakar ƙoƙarinsu, amma talaka daga ƙauye ba zai kai can ba, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce ya haukace. Wannan rashi shi ne ma hujjata. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin taimaka wa masu damuwa da ake kira PM+, zama biyar, wanda mutumin da ba likita ba zai iya gudanarwa in an horar da shi ana kuma duba aikinsa. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan da Nairobi ta Kenya, kuma dabarar farko da ake koyarwa a cikinsa ita ce numfashi a hankali. Akwai wani tsarin na rukuni da aka gwada da matan Sudan ta Kudu 'yan gudun hijira a arewacin Yuganda, inda ake kunna darasin da aka naɗa a murya cikin harshen da suke ji. A Zimbabwe, Dakta Dixon Chibanda kakanni mata ya horar suka zauna a benci a harabar asibiti suna sauraren masu damuwa. Ba ƙasashe ne da suka fi mu arziki ba.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Ku sa a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambaya. Wanda ya zo karo na uku da ciwon jiki kuma gwaji bai nuna komai ba, a tambaye shi barcinsa, a tambaye shi ko yana firgita, kafin a sake rubuta maganin taifot. Wannan ba ya cin ko kobo.

Ku ba da umarni a yi gwaji na gaskiya a nan gida. Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero duk suna da sashen gashin ƙashi da na likitancin ƙwaƙwalwa. A haɗa su, a tsara motsa jiki na natsuwa da ya dace da shigarmu da addininmu, mata da mata, maza da maza, a kan tabarma, cikin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Larabcin Shuwa. A gwada a wasu ƙananan hukumomi, a auna, a wallafa sakamakon ko da bai yi daɗi ba. In bai yi aiki ba, ni ce zan fara cewa a bari.

Ku kafa ƙa'ida tun kafin 'yan kasuwa su riga ku. Da zarar abu ya yi suna, za a ga allon "cibiyar warkar da firgici" a kowane lungu. Aikin nan yana da haɗari a hannun wanda bai sani ba. Wani in aka ce ya rufe ido ya ja dogon numfashi, firgicin ne zai taso masa gaba ɗaya. Mai farfaɗiya, mai jin muryoyi, da wanda ke tunanin kashe kansa, likita suke buƙata da magani, ba tabarma ba. Dole a fayyace wa zai koyar, wa zai duba shi, yaushe zai miƙa mara lafiya gaba. Kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a taɓa jikin kowa sai da izininsa.

Ku sa kuɗin a cikin kasafinmu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, ga kuma asusun da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta tanada. Muna so a bayyana wa jama'a nawa ne ya shiga wannan asusu, nawa ne ya isa jihohin da rikici ya ɗaiɗaita. Ku kuma tuna da ma'aikatan kansu. Nas ɗin da ta karɓi gawarwaki bayan tashin bam, ita ma gida take komawa ta kasa barci, kuma washegari ana jiran ta a bakin aiki.

Game da Inna, ba zan ƙawata muku labari ba. Na daina tsayawa a bayanta. Na juya kujerarta ta fuskanci ƙofa. Muka riƙa zama tana taka ƙasa da tafin ƙafarta, tana sakin numfashi a hankali, tana ɗaga kafaɗa tana saukewa in ta ga dama. Bayan wasu makonni ta ce min ta yi barci har aka kira assalatu ba ta farka ba. A wani zuwan, ba tare da na tambaya ba, ta fara ba ni labarin ranar da aka shiga garinsu da abin da ya sami 'ya'yanta maza biyu. Na saurara har ta gama. Daga nan ilimina ya ƙare. Ta kai matakin da take buƙatar wanda ya ƙware a maganin magana, kuma a duk asibitinmu babu shi. Na rubuta mata takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa. Ta ninke ta sa a bakin zane, ta ce, "'Yata, ai ni ba mahaukaciya ba ce, kuma wa zai ba ni kuɗin mota?" Har yanzu wurina take zuwa duk Talata.

Allah ya ƙara wa Minista lafiya, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi, daga Arewa maso Gabas